Damuwa: yadda take hawa da yadda ake sauke ta

1. A bakin garka

A ce wata rana da marece inna ta aike ka garka ka kai wa baba fura. Kana tafe kana ƴar waƙarka, ƙwarya bisa kai. Kana isa bakin shinge, sai ga wani baƙin kare ya taso maka da haushi. Me za ka ji a jikinka?

Gabanka zai faɗi. Zuciyarka ta kama bugawa da ƙarfi kamar ana daka. Numfashinka ya yi sama-sama. Bakinka ya bushe, tafin hannunka ya jiƙe da zufa. Kafin ka yi shawara da kanka, ƙafafunka sun riga sun kwasa da gudu. Shingen da ka kasa tsallakewa jiya, yau ka tsallake shi ba ka sani ba.

Mai garka ya fito ya kori karensa. Kai kuma ka zauna gindin dogon yaro kana haki. Bayan ƴan mintoci zuciya ta lafa, numfashi ya daidaita, miyau ya dawo baki. Har ka fara dariyar kanka, kana neman inda ƙwarya ta faɗi.

Yara, ku lura da abu biyu cikin wannan labari. Wani abu ya hau cikin jiki da sauri. Daga baya ya sauka. Abin nan da ya hau shi muke kira damuwa, ko matsin rai. A littattafanku na Faransanci za ku gamu da shi da sunan stress. Kowa yana da shi: yaro da babba, mace da namiji, malami da ɗan makaranta. Darasinmu na yau zai nuna mana dalilin hawansa, da abin da yake yi wa mutum in ya ƙi sauka, da dabarun sauke shi.

2. Abin da ke faruwa cikin jiki

Ido ya ga kare, kunne ya ji haushi. Nan take suka kai wa ƙwaƙwalwa labari. Ƙwaƙwalwa ta ce akwai haɗari, sai ta aika da saƙo ta cikin jijiyoyi zuwa ko'ina cikin jiki.

Kun san mutum yana da ƙoda biyu a bayansa, wajen kwiɓi. Bisa kan kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka ƙarama, zaune kamar hula. In saƙon ƙwaƙwalwa ya iso gare su, sai su zuba wani sinadari cikin jini. Sunansa adirenalin. Shi ne ke sa zuciya ta ƙara sauri don jini ya isa ƙafafu da hannuwa. Shi ne ke buɗe hanyoyin iska cikin huhu. Yana kuma sa hanta ta saki sukari cikin jini, don sukari shi ne itacen da jiki ke hura wutarsa da shi.

A wannan lokaci jiki yana dakatar da ayyukan da ba na gaggawa ba. Ciki ya rage niƙa abinci. Miyau ya ragu, shi ya sa baki ke bushewa. Wanda kare ya biyo ba ya bukatar narkar da tuwo, gudu yake bukata.

In haɗarin ya ɗan daɗe, tsokokin nan biyu su saki wani sinadari na biyu mai suna kortizol. Aikinsa shi ne ya riƙe jiki cikin shiri, ya ci gaba da ba shi sukari.

Wani masani ɗan Amurka mai suna Walta Kanon ya binciki wannan al'amari. Ya lura cikin kyanwa yana daina motsi in ta tsorata ko ta fusata. A shekarar 1915 ya bayyana cewa jikin dabba da na mutum suna shirya kansu don ɗayan abu biyu: faɗa ko gudu.

Zuciyar babban mutum, in yana zaune lafiya, tana bugawa sau 60 zuwa 100 cikin minti ɗaya. Ta yaro ta ɗan fi sauri. In tsoro ya zo, lissafin ya haura. In tsoro ya wuce, ƙwaƙwalwa ta aika da wani saƙo ta wasu jijiyoyi dabam, ta ce a kwanta. Zuciya ta koma tafiyarta, ciki ya koma aikinsa.

3. Damuwa mai amfani

Da jiki ba ya yin haka, da kare ya ciji yaro. Da mai tsallaka babbar hanyar Ƙonni bai kauce wa kabu-kabu ba. Ashe damuwa kaɗan mai tsaron mutum ce.

Ku dubi ƴan kokowa. Tun shekarar 1975, da aka fara kokowar ƙasa a Tawa, ƴan kokowar jahohin Nijar suke haɗuwa suna neman takobi. Babu ɗan kokowar da ke shiga fili gabansa bai faɗi ba. Wannan faɗuwar gaba ita ke buɗe masa ido, ta ƙara masa ƙarfi. In an gama karawa, ya sha ruwa, ya huta, jikinsa ya koma daidai.

Haka ɗan makaranta yake ranar jarrabawa, ko ranar da malam ya kira shi allo. Zuciya ta ɗan buga, hankali ya taru wuri ɗaya. Wannan ba ciwo ba ne, kuma ba abin kunya ba ne. Jikinka ne yake shirya ka.

4. Damuwar da ta ƙi sauka

Kare yakan tafi. Amma akwai abubuwan da ba a korarsu da sanda. Bashi ba ya gudu in an yi masa tsawa. Rumbun da ya kusa ƙarewa yana nan safe da marece. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta bambanta kare da tunani ba sosai. In mutum ya kwanta yana tunanin bashi, jikinsa ya ɗauka kare ne a bakin ƙofa. Zuciya ta buga, sukari ya hau, barci ya gudu. Gobe haka, jibi haka.

A shekarar 1936 wani likita mai suna Hans Seliye, a garin Monreyal na ƙasar Kanada, ya yi gwaji da ɓeraye. Wasu ya sa su cikin sanyi mai tsanani, wasu ya gajiyar da su, wasu ya yi musu allura. Wahalar ta bambanta, amma abin da ya samu cikin jikinsu iri ɗaya ne. Tsokokin bisa ƙoda sun kumbura don yawan aiki, sassan da ke kare jiki daga cuta sun ƙanƙance. Daga nan likitoci suka gane cewa wahalar da ta daɗe tana cin jiki, ko daga ina ta fito.

Ga misalin da kuka sani. Ruwan da ake ban ruwa da shi a filin noman rani na Ƙonni, mai faɗin hekta fiye da 2,400, daga kwarin Maggiya yake zuwa. An tare shi da madatsun ruwa na Mozage da Zango, waɗanda muke ce wa baraji. Da damana ruwa ya taru, da rani a sake shi kaɗan-kaɗan ta hanyoyin ruwa ya shayar da gonaki. Kowane baraji kuma ana yi masa mafita, inda ruwa zai bi in ya yi yawa. Me zai faru in ruwa yana ta shiga, babu ƙofar fita? Bango zai tsage. Ruwan da aka tara don ya rayar da gona shi ne zai cinye ta.

Zuciyar mutum haka take. Damuwa za ta shigo, babu mai hana ta. Abin da ake so shi ne a buɗe mata mafita.

Babban mutumin da ya yi shekaru cikin damuwa ba ta sauka, ya fi saurin kamuwa da hawan jini da ciwon zuciya. Yaro kuwa karatunsa ne ke fara nunawa. Ƙwaƙwalwar da ke tsaron kare ba ta da wurin ajiye lissafi.

5. Daga ina take zuwa?

Kowace ƙasa da irin nata nauyi. Mu dubi namu, a Ƙonni da Malbaza da Illela.

Ruwan sama. Manomin hatsi yana shuka ne idonsa na sama. In ruwa ya ɗauke kwana 15 bayan shuka, gida duka ya yi tsit. Kakanninku ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Iyayenku suna tuna da ƙarancin abinci na 2005.

Kasuwa. Albasar Galmi ta yi suna har Gana da Kodebuwa. Amma lokacin da kowa ya cire tasa, wajen watan Maris da Afrilu, kuɗinta ya faɗi. Mai garka ya rasa abin yi: ya sayar da araha ya biya bashin taki da na man injin ban ruwa, ko ya zuba ta cikin rudu ya jira tsada, wata ta ruɓe?

Iyaka. Mutanen Ƙonni da yawa da iyakar Nijeriya suke cin abinci. Tsallake kaɗan ga Illelar Nijeriya, wadda ba ita ce Illelarmu ta jahar Tawa ba, gaba kuma ga Sakkwato. An rufe iyakar nan a 1984, rufewar ta haɗu da fari, har mutane suka sa wa yunwar suna El-Buhari. An sake rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma daga tsakiyar 2023 zuwa Maris na 2024. Duk lokacin da aka rufe, manyan motoci su tsaya, kaya su yi tsada, ƴan dako da masu abinci su rasa ciniki.

Cin rani. Da an gama girbi, samari da magidanta da yawa su kama hanyar Abijan, ko Legas, ko Libiya. Gida ya rage sai mata da yara da tsofaffi. Kowa yana sauraren waya. In ta daɗe ba ta yi ƙara ba, inna ta daina cin abinci sosai.

Zafi. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Barci ya yi wuya, mutane su yi saurin fushi.

Ban da waɗannan akwai naku na yara. Jarrabawa na matsowa. Wani babban yaro yana tare ka a hanya. Yarinya ta tashi da asuba ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta kai talla, ta iso aji a gajiye, a ce ta makara. Wata kuma ta ji ana maganar cire ta daga makaranta. Wani ya ji labarin ƴan bindiga a rediyo, ya kasa barci. Manya sukan ce yaro ba shi da damuwa. Yana da ita. Yakan kuma ɗauki ta iyayensa ya ƙara bisa tasa, ko ba a gaya masa kome ba.

6. Yadda ake gane ta

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Damuwar da ta daɗe tana da alamomi.

A jiki: ciwon kai, ciwon ciki, wuya ya sage, gajiya tun da safe, rashin barci ko munanan mafarkai, rashin son abinci. Ƙaramin yaro yakan koma fitsarin kwance bayan ya daina.

A hali: saurin fushi, kuka ba dalili, faɗa da ƙanne, gudun abokai, ƙin zuwa makaranta.

A tunani: mantuwa, rashin natsuwa. Malam yana magana, kai kana Abijan. Tunani ɗaya yana ta zagayawa kamar jakin da aka ɗaure ga turke.

Amma a yi hattara. Ba kowane ciwon kai ne damuwa ba. In akwai zazzaɓi, ko amai, ko zawo, wataƙila zazzaɓin sauro ne ko tsutsar ciki. Wannan sai gidan likita, ba da jinkiri ba.

7. Darasin tassa

Bayan farin 1984, ƙasa mai yawa a Illela da Badagishiri ta zama faƙo. Ruwa in ya zuba sai ya gudu, ko ciyawa ba ta tsirowa. Manoma sun damu ƙwarai. A shekarar 1989 wasu daga cikinsu suka yi tafiya zuwa Yatenga, a ƙasar Burkina Faso, suka ga yadda manoman can suke gyara irin wannan ƙasa. Da suka dawo, suka inganta tassa.

Da rani ake gina ta. A haƙa rami mai faɗin taki ɗaya ko fiye kaɗan, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki cikin ramin. In ruwa ya zo, ramin ya riƙe shi, a shuka hatsi a ciki. Damanar 1990 ba ta yi kyau ba, amma gonakin tassa sun ba da hatsi. Maƙwabta suka gani, suka ɗauka. Faƙon da aka yar ya koma gona, har ana sayensa da kuɗi.

Ku duba da kyau. Manoman nan ba su iya sa ruwa ya zuba ba. Wannan na Allah ne. Amma rami yana hannunsu, taki yana hannunsu. Suka bar wa Allah nasa, suka kama nasu, rami ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ita ce babbar dabarar rage damuwa. In abu ya dame ka, raba shi biyu. Ja layi a tsakiyar allonka. Hannun dama rubuta abin da kake iya yi. Hannun hagu rubuta abin da ya fi ƙarfinka.

A ce baba yana cin rani, jarrabawa kuma saura mako uku. Ranar dawowar baba tana hagu. Tambayoyin da malam zai yi suna hagu. Me ke dama? Bitar shafi biyu kowane marece kafin duhu. Tambayar malam rabawar da ba ka gane ba. Taya inna ɗiban ruwa. Yi wa baba addu'a. Kowane ɗaya rami ne na tassa. Wanda ya tsaya yana kallon faƙo duka, gwiwarsa za ta yi sanyi. Wanda ya gina rami goma yau, zai kwana da sauƙin rai. Sannu ba ta hana zuwa.

8. Ƙofofin mafita

Ga wasu ƙofofi da kowane yaro yake iya buɗewa, ba da ko dala ba.

Numfashi. Zauna ka miƙe baya. Ɗora hannu bisa cibiya. Ja iska ta hanci kana ƙirga 1 zuwa 4, har ka ji ciki ya taso. Sake ta a hankali ta baki kana ƙirga 1 zuwa 6. Yi haka sau 10. Fitar da iska a hankali yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa kare ya tafi, sai ta rage saurin zuciya. Ana iya yin wannan a aji kafin a raba takardun jarrabawa, babu wanda zai sani.

Motsa jiki. Jiki ya shirya gudu, to a ba shi gudu. Langa, ƙwallo, kokowa, gaɗa, tsalle da igiya, duk suna ƙone abin da damuwa ta tara. Wasan dandali ba ɓata lokaci ba ne ga yaron da ya gama aikinsa.

Barci. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa take jera abin da aka koya da rana, kamar yadda ake jera damma cikin rumbu. Wanda ya kwana yana bita, da safe ya tarar rabi ya zube. Shayi mai ƙarfi, da kofi, da goro, suna korar barci. Haka kallon waya cikin shimfiɗa.

Abinci da ruwa. Yunwa da ƙishirwa suna ƙara fushi. Ko ɗan koko ko sauran tuwo, a sa wani abu a ciki kafin a tafi makaranta. Da bazara a riƙa shan ruwa.

Ibada. Alwala da salla da addu'a suna tsayar da mutum, su raba shi da hayaniya, su tuna masa cewa ba shi kaɗai yake ɗauke da duniya ba. Haƙuri maganin duniya ne. Amma haƙuri bai hana mutum faɗin abin da ke damunsa ba.

Magana. Wannan ita ce ƙofa mafi faɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa mutanenmu suke yin gayya a gona, mata suke yin adashe. Nauyin zuciya ma ana yi masa gayya. Nemi wanda ka yarda da shi: inna, kaka, yaya, kawu, gwaggo, malamin aji ko malamin allo. In ba ka san ta inda za ka fara ba, fara kamar yarinyar nan:

— Kaka, ina da magana.
— To, jikata, matso kusa. Me ya faru?
— Kwana uku ba na barci. In na rufe ido sai in ga baba cikin mota.
— Ayya! Ashe abin da ya hana ki cin tuwo ke nan. Ni ma ina tunaninsa. Kawo tabarmarki nan kusa da tawa. Gobe in Allah ya kai mu, sai mu je wurin kawunki ya kira mana shi.

Kaka ba ta dawo da baba a daren nan ba. Amma kayan da yarinya ta ɗauka ita kaɗai, yanzu mutum biyu ne suke riƙe da shi.

In kuma abokinka ne ya zo maka da tasa, saurare shi har ya gama. Kada ka yi masa dariya. Kada ka kai maganarsa dandali. In abin ya fi ƙarfinku, ku tafi tare wurin babba.

9. Ƙofofin ƙarya

Akwai abubuwan da suke kama da mafita, alhali rami ne.

Na farko ƙwaya, musamman wadda ake kira taramol. Asalinta maganin ciwo mai tsanani ne, likita kaɗai ke da ikon rubuta ta. Wasu samari suna shan ta wai don su manta da damuwa, ko su yi aiki ba gajiya. Kwana kaɗan jiki ya saba, ɗaya ba ta isa sai biyu, biyu sai huɗu. Tana sa mutum ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, tana iya tsayar da numfashi. Ran da babu ita, damuwar ta dawo ta ninka, ga kuɗi sun ƙare. Haka taba, haka shaƙar sholisho. In wani ya miƙo maka, ko abokinka ne, ce masa a'a, ka bar wurin, ka gaya wa babba.

Na biyu huce haushi bisa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba: dukan ƙane, zagin ƙawa, jifar jaki. Damuwarka ba ta ragu ba, ka ƙara wa wani.

Na uku gudu daga aiki. Yaron da ke tsoron lissafi ya ƙi zuwa aji ranar lissafi. Ya ji daɗi yini ɗaya. Gobe tsoron ya ƙaru, don an wuce shi da darasi guda.

10. Yaushe ake neman likita?

Yawancin damuwa tana sauka da dabarun nan. Amma wata takan fi ƙarfin gida. A gaya wa babba, a tafi gidan likita, in an ga ɗayan waɗannan:

— baƙin ciki ko rashin barci ya wuce mako biyu, ba ya raguwa;
— mutum ya daina cin abinci, yana ramewa;
— ya daina magana da kowa, ya daina abin da yake so a da;
— ya ga wani abin tsoro, kamar haɗarin mota ko hari, abin yana ta dawo masa;
— yana cewa ya gaji da duniya, ko yana tunanin cutar da kansa. Wannan ba a jira gobe, ko ya ce a rufa masa asiri.

Haka kuma in wani yana dukanka kullum, ko yana taɓa jikinka ta hanyar da ba ta dace ba, numfashi ba zai gyara wannan ba. Faɗa wa babban da ka yarda da shi. In bai saurara ba, faɗa wa wani.

Zuwa likita don damuwa ba hauka ba ne. Akwai gidajen likita a garuruwanmu, akwai asibitoci a Ƙonni da Tawa, ga asibitin Galmi da ke aiki tun 1950. Duniya ma ta san girman al'amarin. Tun 1992 aka ware ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da lafiyar hankali.

Mu riƙe

Damuwa shiri ne da jiki ke yi in ya ga haɗari. Tana da amfani in ta hau ta sauka. Tana cutarwa in ta hau ta zauna. Mu raba abin da ke hannunmu da wanda ba ya hannunmu, mu kama namu kaɗan-kaɗan. Mu yi numfashi, mu yi wasa, mu yi barci, mu yi addu'a, mu yi magana. Mu guji ƙwaya.

Mu gwada

Ku zauna biyu-biyu. Kowa ya ɗora yatsu biyu bisa wuyan hannunsa, ta gefen babban yatsa, har ya ji jijiya tana harbawa. Malam zai duba agogo.

1. Ku ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya kuna zaune. Ku rubuta.
2. Ku zagaya filin makaranta da gudu sau ɗaya. Ku sake ƙirgawa. Ku rubuta.
3. Ku zauna ku yi numfashin 4 da 6 sau 10. Ku sake ƙirgawa. Ku rubuta.
4. Ku gwada lambobin uku. Wanne ya fi yawa? Da nawa na biyu ya fi na uku?

Tambayoyi

1. Me ya sa bakin mutum ke bushewa in ya tsorata?
2. Ina adirenalin yake fitowa? Kawo aikinsa biyu.
3. Ta yaya damuwa take taimakon ɗan kokowa?
4. Me ya haɗa zuciyar mutum da barajin Mozage?
5. Me manoman Illela suka bar wa Allah, me suka kama da hannunsu?
6. Awa nawa yaro mai shekara 10 yake bukata na barci?
7. Abokinka ya ce wani ya ba shi ƙwaya don ya daina tunani. Me za ka ce masa? Wa za ka gaya wa?

Aikin gida

Ka tambayi kakanka ko kakarka: wace shekara ce ta fi ba su wahala, kuma wa ya taimake su har suka fita? Ka rubuta amsar cikin layi 10, ka kawo aji ranar Litinin.